Jirgin ruwan Yawuri: wanda zan sake shiga, da wanda Kawu ya sauke ni daga ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na ɗora hotunan gulbi a WhatsApp mutane ke ta tambayata, wasu ta waya wasu har shago sunka biyo ni, wai yaya jirgin ruwan Yawuri yake, ana iya shiga da iyali, da tsada ko ba tsada, ba ya kifewa? To maimakon in yi ta maimaita magana guda ga kowa bari in zamna in rubuta ta gaba ɗaya, da daɗinta da ɗacinta, don ni jirgi biyu na taka a tahiyar ga kuma wallahi ba abin da ya haɗa su sai dai ruwa guda suke bi.

Ni haihuwar Sakkwato ne, ruwan da na sani shi ne Rima in ka tsaya bisa gadar Kwalkwalawa, sai kwale-kwalen da munka shiga lokacin ambaliyar 2010 da ruwa ya yanke hanyar jami'a, shi ma minti nawa ne. Kawuna, wan innarmu, shi ne ya san ruwa a danginmu. Ya fi shekara 30 yana sarin bandar kifi daga ƙasar Yawuri yana kawowa Kasuwar Daji, yanzu gwiwa ta fara matsa mishi shi ne yac ce in raka shi in ga mutanensa su ma su gan ni, don in wata rana ya kasa tahiya kada hulɗar ta mutu. Cikin Janairu munka tahi, hunturu na tsakiyar bugawa.

Hanyar mota ba sai na ja ta ba, kowa ya santa. Bayan asuba munka bar tasha, Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, kafin la'asar muna Yalwa, babban garin ƙasar Yawuri. Har yau Kawu in zai ce Yawuri sai yac ce "gida", don shi a wurinsa jiha guda ce, ya fara zuwa tun kafin a cire Kabi daga cikin Sakkwato a 1991. Kafin mu taso kuma sai da ya kira mutanensa sau biyu ya tambayi lafiyar hanya da ta gulbi, wanga kam kada wanda ya raina shi, yankin ya sha fama da matsalar tsaro, a kira wanda ke can a ji tukuna.

Washegari ƙarfe bakwai muna bakin ruwa. Duk wanda ke zaton zai ga tasha mai ofis da tikiti da benci to ya cire wanga a ransa. Gaɓa ce kawai, laka da yashi, jirage jere sun kafa hanci a tudu, kowane da yaransa suna kiran sunan inda za su. Ga masu ƙosai, ga mai shayi, ga mata da soyayyen kifi a faranti, ga buhunan albasa an tara kamar ganuwa don Yawuri ma garin albasa ne kamar Aliero da namu Gada. Hausa ake yi amma kunnenka zai ji Gunganci, zai ji Kambarci, har Zabarmanci na ji. Jiragen duk na katako ne, dogaye, an gitta alluna a ciki su ne kujeru, injin Yamaha a baya. Shiga kuwa sai ka naɗe wando ka cire takalmi ka taka ruwa, ko ka bi wani siririn katako da sunka jingina, ni na bi katakon, Kawu yaran jirgi biyu ne sunka tallabe shi har ciki ba tare da ya roƙa ba kuma ba su karɓi ko sisi ba. Wata tsohuwa ma goya ta anka yi. Wanga abu ya burge ni ƙwarai, Allah ya yi musu albarka.

Maganar kuɗi, ba zan rubuta lamba ba don farashin ba tsayayye ba ne, da fetur yake tahiya, tun da anka cire tallafi a 2023 kullum cikin motsi yake, abin da na biya a Janairu ba lalle shi za ka biya ba. Abin da za ka riƙe shi ne kuɗin mutum daban, na buhu daban, na babur daban, akuya ma da nata. Na mutum ba a cika ciniki ba, na kaya ana yi. Kuma ko yaya ya tashi ya fi mota sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi wasu wuraren ma motar ba ta zuwa sam, tsibiri ne, ta ina za ta bi. Ko tsallaken Zamare zuwa Rofiya da ake yi cikin ɗan lokaci, babu gada a wurin, wanda yac ce sai ta mota to sai ya gangara kudu har dam ɗin Kainji ya ƙetare ta Sabuwar Busa sannan ya sake haurowa, wuni guda ya tahi. Shi ya sa in na ji wani a gari yana cewa mi ya kai su shiga jirgi raina ke ɓaci, mutanen ga ba yawon shan iska suke ba, asibiti za su, kasuwa za su, gaisuwar mutuwa za su. A tahi da tsabar kuɗi da canji, taransifa ba a dogara da ita ba don sabis yana ɗaukewa da an yi nisa da gari.

Jirgin farko na wani dattijo ne Basarke, wato cikin Sarkawa masu sana'ar ruwa, abokin Kawu na shekaru, kowa Baba yake ce mishi ni ma haka na kira shi. Aibinsa na farko jira. Babu lokacin tashi, sai ya cika, mun zamna tun bakwai da rabi ba mu ɗaga ba sai goma saura, ga sanyi na ratsa ƙashi ga ba rumfa, da rana ta fito kuma ta dawo tana dukan ka. Mai ƙaramin yaro ya zo da bargo da lema duka biyu, ba wasa nake ba, duka za su yi amfani a wuni guda.

Amma a cikin jiran ne na ga abin da ya sa nake rubutun ga. Baba bai zamna ba ko sau ɗaya. Duk buhun da za a saka shi ke nuna inda za a aje, masu nauyi a tsakiya a ƙasa, babura biyu anka kwantar anka ɗaure da igiya, mutane kuma yana raba su dama da hagu, har ya tada wani ƙato yac ce koma can ɓangaren ka yi mana nauyi a nan. Can sai ya duƙa a gefen jirgi ya sa hannu ya auna daga fuskar ruwa zuwa bakin katako, taƙi biyu da ɗan ɗori, ya miƙe yac ce an rufe. Wani mutum ya iso da buhu uku na masara yana roƙo, har ya ce zai ninka kuɗin, Baba yac ce mishi, "Alhaji ka yi haƙuri, ga na bayana nan zai tashi, ni nawa ya ƙoshi." Mutumin ya yi ta faɗa, Baba ko kallonsa bai sake ba. Kawu ya taɓa ni yac ce, "Ɗana ka gani? Wanga shi a matuƙi. In ka zo ba ni, dibi hannunshi kahin ka dibi injinshi."

Rigar ruwa kuwa akwai amma ba ta isa ba, kuma wanga aibi ne ko a jirgin Baba, ba zan ɓoye ba don ina ganin girmansa. Mun haura mutum arba'in, rigunan da na ƙirga ba su wuce goma sha biyu ba, wasu igiyarsu ta tsinke. Mata masu goyo da yara anka ba. Abin da ya fi ba ni mamaki wasu mazan ko an miƙa musu ba su karɓa, wani na kusa da ni cewa yay yi shi a ruwa anka haife shi, wani kuma yac ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addininmu bai ce ka saki raƙumi ka ce ka yi tawakkali ba, ɗaure shi anka ce ka yi tukuna. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta saka rigar ta kuma hana tahiyar dare, hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan da ke da dam na wutar lantarki ma ta sha raba riguna a garuruwan bakin ruwa na Kabi da Neja, saura mu masu shiga mu yarda mu saka.

Da anka tada inji munka bar gaɓa, to nan ne na san ban taɓa ganin ruwa ba. Da farko kana ganin tudu dama da hagu, gonakin albasa da shinkafa har bakin ruwa, yara na ɗaga hannu, sai a hankali gulbin ya yi ta buɗewa yana buɗewa har na nemi ɗaya gaɓar na rasa, hazo ya haɗe da ruwa ba ka san inda wani ya ƙare wani ya fara ba. Gulbin Kwara ne, wato Neja, anka tare. An fara ginin dam ɗin Kainji a 1964 anka gama a 1968, ruwan ya taru ya zama tabki mai tsawon kusan kilomita 135, a inda ya fi faɗi ya haura kilomita 20, tun daga dam ɗin har nan wajen Yawuri. Mutum wajen 44,000 anka tada daga garuruwansu, tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa yanzu, har da duwatsun da jirgin Bature Mungo Park ya halaka a 1806. Gungawa da yawa da ke zaune a tsibirai tudu anka maida su, kalmar gungu ma ai tsibiri take nufi. Wani abin da ya taɓa min zuciya, Kawu ya ɗebo ruwan da tafin hannu yac ce a cikin wanga akwai na gida, don Rima da ke wucewa ta bayan Sakkwato ita ce ke bi ta Argungu ta gangara ta faɗa Kwara kafin a iso Yawuri. Wato ruwan da na saba kallo a Kwalkwalawa shi ne ke ɗauke da ni.

Na matsa kusa da Baba don ina son in ga yadda yake tuƙi, ƙarar inji dai ba ta bari a yi hira sosai, sai da ihu, ga warin fetur da hayaƙi duk a bayan jirgin yake, mai saurin amai kada ya zamna can. Abin da na lura ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Ruwa fili fetal a gabanka amma sai ka ga ya karkata ya yi gwiwa ya dawo, ni ban ga komai ba. Na tambaye shi, yac ce itace. Lokacin da ruwa ya cika wurin daji ne da gonaki da garuruwa, itatuwan ba duka anka sare ba, kututturansu na nan tsaye a ƙasa fiye da shekara 50, wasu sun yi tauri kamar ƙarfe. In ruwa ya ja sosai kana ganin kawunansu ka kauce, in ya cika maƙil ka wuce ta samansu lafiya, mugun lokaci shi ne tsaka-tsaki, ruwa ya rufe su da ɗan kaɗan, jirgi mai nauyi ya zo da gudu ya hau, katako ya tsage. Shi ya haddace wurarensu da bishiyar tudu da dutse da bakin tsibiri, yaro guda kuma na tsaye a goshin jirgi da doguwar gora yana nuni da hannu. Da dare ko cikin hazo mai kauri duk wanga ilimi ba ya aiki, shi ya sa Baba yac ce ko nawa za a ba shi ba ya tashi bayan la'asar sakaliya.

Shi ne kuma ya fahimtar da ni cewa ruwa biyu ke zuwa musu a shekara. Akwai na daminarmu, jajaye mai laka, wanda ke cika wajen Satumba. Sannan akwai wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali ya yi wata da watanni a hanya, lakarsa ta kwanta a can, sai ya iso nan cikin sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, tatacce mai duhu. A kansa muke tahiya ranar. Ni da nake ganin rani rani ne ko'ina, ashe lokacin da rijiyoyinmu ke ja da baya su lokacin tabkinsu ke cike.

Wajen sha ɗaya da rabi iska ta taso. Ba hadari ba, iskar hunturu ce kawai, amma a fili irin wanga tana tada igiyar ruwa, jirgi ya fara hawa yana sauka, ruwa na fallatso mana, mata sunka fara salati, ni ma na riƙe allon da nake zaune da hannu biyu ina karanta Bismillahi majreha wa mursaha. Baba ya rage wuta, ya juya hancin jirgi yana fuskantar igiyar a karkace, ya daka tsawa kowa ya zamna kada wanda ya miƙe, yaro guda na kwarfe ruwa da yankakken galan. A nan na gane amfanin taƙi biyun nan. Igiyar na dukan gefen jirgi tana komawa, feshinta kawai ke shigowa. Da ya karɓi buhu ukun nan da wasu ukun, da ba feshi ne zai shigo ba. Kamar minti ashirin munka yi a haka sannan munka shiga bayan wani tsibiri ruwa ya kwanta.

Jirgin kamar motar haya yake, yana tsayawa tunga tunga, a sauke mutum biyu a ɗauki ɗaya, a miƙa saƙon magani, a karɓi kwandon kifi, wani wurin ma ba a kai gaɓa sai ƙaramin kwale-kwale ya zo ya tare mu a kan ruwa. Mun ga masunta na jan taru, mun ga tsuntsaye fari fat bisa wani busasshen itace, dorina dai ban gani ba amma an nuna min inda suke fitowa, kuma Baba ya ba wurin tazara sosai don mutanen Yawuri sun san ɓarnarta a gona da kan ruwa. Banɗaki babu, wanga matsala ce babba musamman ga mata da tsofaffi, awa uku da wani abu munka yi, sai in an tsaya a tunga mutum ya ruga. A rage shan shayi kafin a shiga.

Kwana biyu munka yi a tungar mutanen Kawu, sun karrama mu iyaka, tuwon shinkafa da miyar kifi safe da dare. Mun haɗa kaya, bandar tarwaɗa da kurungu da ƙarfasa, da ɗan giwan ruwa, da buhu biyu na ƙananan nan da suke kira warangi. Wanga labari ne na daban.

Ranar komawa ita ce ta zo da magana. Ta faɗo ranar kasuwar wani gari a gaba da mu, Baba kuma sai washegari zai biyo, ni ga shi na ƙagu in koma don na bar yaro shi kaɗai a shago. Wajen ƙarfe biyar na yamma sai ga wani jirgi ya taso daga kasuwar zai Yalwa. Ya fi na Baba girma, injinsa ma sabo, matuƙin matashi ne. Tun daga nesa na ga ya zauna cikin ruwa sosai amma na ce a raina ai babba ne. Na matsa wa Kawu, ya yi shiru, sannan yac ce to mu gani. Munka biya, anka ɗora kwandunanmu, munka shiga. Ciki buhunan shanshera ne tun daga ƙasa har sun wuce allunan zama, mutane bisa buhuna suke zaune ba a kan allo ba, babura na ƙirga biyar, awaki, tumaki, mata da jarirai, rigar ruwa ko guda ban gani ba. Ƙafata na taɓa ƙasan jirgi na ji ruwa har idon sawu, yara biyu na kwarfewa ba tsayawa tun jirgin na tsaye. Sannan fa ba a gama lodi ba, wai akwai buhu takwas da za a ƙara a tungar.

Kawu bai ce komai ba, ya sa hannu ta gefe kamar yadda Baba yay yi. Yatsu huɗu. Tsakanin ruwa da bakin katako yatsu huɗu, ko taƙi guda bai kai ba. Ya dubi rana, ta yi ja ta kusa faɗuwa, ga awa uku a gabanmu. Sai ya miƙe da gwiwar nan tasa mai ciwo yac ce, "Tashi mu sauka." Na ce Kawu mun fa biya, ga kaya an ɗora. Yac ce, "Mi ka biya? Kuɗɗi ka biya, ba rai ba. Sauko da kayan." Ya juya wajen matuƙin yac ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah, jirgin ga ya cika tun can, dare shina yi, ga ɗiyan mutane." Matuƙin ya amsa da cewa kullum haka yake tahiya ba abin da ya taɓa faruwa, fetur ya yi tsada in bai cika ba ba zai fita ba, wanda ke tsoro ya sauka. Wasu fasinjoji har sunka goya mishi baya suna cewa muna ɓata musu lokaci. Kuɗin kaya ya maido, na mutum ya hana, Kawu yac ce a bar mishi. Wata mata mai yara biyu da ta ji maganar ita ma ta sauko, mijinta na ta yi mata faɗa amma ta ƙi komawa, ƙarshe shi ma ya sauko.

Zan faɗi gaskiya, jirgin nan ya isa Yalwa lafiya, mun tambaya washegari, cikin dare sunka isa. Kuma na fahimci maganar fetur, ba ƙarya yay yi ba, mai jirgi na da iyali shi ma. Amma isarsa lafiya ba ta sa na canza ra'ayi ba ko kaɗan, don daren nan da na kwanta a tunga ban yi barci ba, lissafi nake. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya tsage a tabkin ga wajen Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan ne sunka fita. Mu nan gida ma ba baƙon abu ba ne. A watan Afrilun 2022 mutum 29 sunka rasu a gulbin Shagari, mutanen Gidan Magana, yawancinsu yara da matasa. A Agustan 2025 jirgin 'yan kasuwa ya kife a Goronyo da mutum sama da 50. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. In ka bi labaran ga kusan abu guda za ka yi ta ji, lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, ba riga, ranar kasuwa. Kowane daga cikinsu kuma kafin ranar kullum haka yake tahiya ba abin da ya taɓa faruwa. Na tuna jariran da na gani bisa buhunan shanshera, na tuna ni ne na matsa wa tsoho mai ciwon gwiwa ya shiga, wanda in wani abu ya faru ko taku ɗaya ba zai iya yi a ruwa ba, sai da na tashi na yi alwala na yi nafila sannan zuciyata ta ɗan kwanta. Da safe na ba shi haƙuri, yac ce ba komai, dama don in ga irin wanga ya taho da ni.

To masu tambaya ko a shiga da iyali, amsata a shiga, amma jirgin safe, kuma in da hali a kauce wa na dawowa daga kasuwa da yamma don shi ne ake danƙara wa kaya kowa na sauri ya kwana gida. Kada ka biya sai ka leƙa ciki ka ga ko ruwa na tsatsowa ta ƙasa, ɗan ruwa kaɗan kowane jirgin katako na da shi, amma in ana kwarfewa ba hutawa tun ba a tashi ba to ka nemi wani. Ka tambayi mutanen gari wane matuƙi ne sunka yarda da shi, sun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai sarkin ruwa da shugabannin masu jirgi a bakin gaɓa, ana iya kai musu ƙara. Waya da kuɗi a ƙulle cikin leda. Ka sanar da wani a gida jirgin wa ka shiga da lokacin da kunka tashi, don a jiragen da na shiga ba wanda ya rubuta sunan kowa, in abu ya faru ba a ma san mutum nawa za a nema ba. Da damina kuma Kawu yac ce in ka ga gabas ta haɗe kada ka yarda a tashi ko matuƙi ya rantse zai riga hadarin.

Baba ya iso tungar wajen tara na safe, ya ga kwandunanmu a gaɓa ya tambayi dalili, Kawu ya ba shi labari a taƙaice, bai ce komai ba sai girgiza kai, ya sa yaransa sunka ɗora kayan a tsakiya. Matar nan da mijinta da yaransu ma shi sunka shiga, ya ciro riguna biyu masu igiya lafiyayya ya ɗaura wa yaran da hannunsa. Ranar ruwa kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, kafin azahar muna Yalwa, munka samu motar Sakkwato ta kwana, kifi ya iso ba abin da ya same shi.

Bayan ƙaramar salla zan koma, wanga karo ni kaɗai. Na riga na ba wani ɗan uwa da ke zuwa Legas saƙon rigar ruwa guda uku, ɗaya tawa, biyu zan bar wa Baba a jirgi, kuma na karɓi lambar yaronsa don in san ranar da yake tashi kafin in baro gida.